Muryar da Sauro Ya Manta

Ranar kasuwar Cadawa ce, rana ta take, Samira ta tsaya bakin wata rumfar cajin waya da kular allurar rigakafi rataye a kafaɗa. Tun hantsi take bin ƙauyuka a bayan moto, wato babur, tana yi wa yara allura, ƙafafunta sun yi futu-futu, wayarta kuma ta mutu. Ta miƙa wayar ba ta ko kalli mai karɓa ba, ta zube kan bencin da ke gefe.

Sai ta ji wani sauti yana fitowa daga cikin rumfar. Siriri ne, mai sanyi, yana hawa yana sauka a hankali, ba ya kiran kowa rawa. Ta jingina kai da ginshiƙi da niyyar ta huta minti biyu. Barci ya yi gaba da ita.

Da ta buɗe ido inuwa ta riga ta juya. Ta zabura tana neman kularta, sai ta gan ta a ƙarƙashin tebur an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Wani dogon saurayi mai jajayen idanu na rashin barci yana zaune gaban wani baƙin akwati, yatsansa ɗaya a kan maɓalli.

"Ki yi haƙuri, na matsar da kularki inuwa," ya ce. "Kiɗan kuma na ji tsoron in na tsaya ki farka."

Kunya ta rufe ta. Ta tambaye shi tun yaushe yake bugawa, ya ce bai kai awa ba. Ta karɓi wayarta ta tafi da sauri, har ta manta ba ta yi godiya ba. Abin da ya dawo da ita kasuwa ta gaba ke nan, in ji ta. Wayarta dai a cike take ranar.

Sunansa Rashidu. Cikin mako yana gyaran waya da rediyo, ƙarshen mako kuma ya ɗaure babban fiyanonsa na zamani a bayan moto ya bi bukukuwa, daga Agiye zuwa Gazawa. Shi ke yi wa amare waƙa. Kuma maganar gaskiya, waƙar guda ɗaya ce tun shekara biyar, sunaye kawai yake canzawa: ya cire wannan amarya ya saka waccan, ya jero gwaggo da kawu da ƙawaye, a yi ta liƙi. Ya gaji da abin har cikin ƙashinsa, amma da shi yake riƙe mahaifiyarsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji.

Baƙin akwatin nan kuwa gado ne. Mahaifinsa, marigayi Jibo, direba ne a wani furoje na dashen itatuwa a Agiye farkon shekarun tamanin. Wani Bature ɗan Ingila da ya yi wa tuƙi, da zai koma gida, ya bar masa akwatin da kwalin kaset-kaset. 'Yan kasuwa suka raɗa wa akwatin suna Sauro saboda siririyar muryarsa, sunan kuma ya bi shi.

Rashidu ya ji kaset ɗin nan har sun fara ja. Ya jera wa Samira su kashi biyu a kan tebur, ya saka mata na farko. Garaya ce ta Turawa mai kauri a gaba, ganga busasshiya a baya, mawaƙin yana rerawa kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba.

Ya ce ya bincika a waya. Wai kafin waɗannan an yi wasu samari masu fushi da ihu da karta garaya, ba ruwansu da iya kiɗa. Da fushin ya huce sai gajiya ta rage, to kiɗan gajiyar ke nan take ji. Daga baya injuna irin Sauro suka yi araha, sai ƙannensu suka ajiye garaya suka ɗauki inji, suka ci ado, suka ɗora waƙar soyayya a kan sanyin nan. Har suna aka sa musu, wai sababbin masoya.

Ya saka mata na biyun. Bugun ya daidaita kamar agogo, murya ta yi laushi, amma gajiyar tana nan a ƙasa ba ta tafi ba.

"Ba na jin ko kalma ɗaya," ta ce, "amma na san mi ke damunsa."

Daga ranar ta koma ce masa Injiniya, shi kuma yana ce mata Sanyina, saboda kular da ba ta rabuwa da ita.

Sauro yana da hali biyu da ya kamata a sani. Na farko, murya ɗaya yake fitarwa lokaci guda, ko ka danna maɓalli goma ɗaya za ka ji. Na biyu, ba shi da ƙwaƙwalwa ko ta sisi. A fuskarsa akwai 'yan kunnuwa goma sha takwas da ake murɗawa, su ke gina murya. In ka dace da wata mai daɗi ka kuskura ka taɓa kunnuwan, ta tafi ke nan, sai dai ka yi ta lalube.

Wata uku Rashidu yana laluben murya ɗaya. Wata la'asar Samira ta biyo daga likita, asibitin da take aiki, a gajiye, ya ce ta zauna, ya danna. Wata murya ta fito mai ɗan rawa a ƙarshe, kamar numfashin wanda ya sauke kaya. Ya bi da ita kan wani ɗan gajeren amo, sau biyu, ya tsaya.

Ya ce nata ne. Bai taɓa yin abu don mutum ɗaya ba sai yau, kuma daga yau ba zai ƙara murɗa kunnuwan ba, kuma ba wanda zai ji wannan murya sai ita.

Samira ta ciro ƙaramin karne ɗinta, ɗan littafin da take rubuta sanyin firijin allura safe da yamma, ta sunkuyar da kai tana 'yan rubuce-rubuce. Shi ya ɗauka kunya ce ta sa ta neman abin yi da hannu.

Bayan magariba saƙonta ya shigo:

"Injiniya, na iso gida lafiya. Yau yara sittin da biyu na yi wa allura, duk sun yi min kuka. Kai kaɗai ka yi min abin da ba kuka ba. Na gode."

Ya mayar mata:

"Sanyina, ni ma yau amare biyu na yi wa waƙa ban ji komai ba. Sai da na ga kin sunkuyar da kai na tuna dalilin da ya sa nake son kiɗa. Ki huta."

Da magana ta yi ƙarfi, Rashidu ya tura kawunsa Hamidu wajen mahaifinta. Malam Abdulmumini dattijo ne mai ƙarancin magana. Da ƙuruciya kiwo ya yi a arewa, fari ya cinye garken gidansu, ya sauko kusa da Cadawa ya kama noman gero da gyaɗa. Ya karɓi Hamidu da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce a'a. Yaron ba shi da aibu a wajensa, amma ba zai ba da ɗiyarsa ga mai tsayawa tsakiyar taro yana kiran sunayen mutane ana manna masa kuɗi a goshi ba.

Ga Samira kuwa cewa ya yi ba zai tilasta mata kowa ba, ita ba yarinya ba ce, amma wannan ɗin bai yarda ba. Ya ƙara da cewa Hayatu ma ya aiko.

Hayatu ɗan kasuwa ne a Gazawa, yana shigo da kaya daga ƙetaren iyaka, kuma yayan Suwaiba ne, ƙawar Samira tun suna 'yan makaranta a lakol. Mutum ne mai tsabta da fara'a, ba za ka ce ga laifinsa ba, abin da ya fi ba Rashidu haushi ke nan. Samira ta ce wa mahaifinta, "Baffa, a ba ni lokaci," ya ce ta ɗauka.

Haka aka shiga watannin jira. Ita tana yawon ƙauyuka, shi yana yawon bukukuwa, su haɗu ranar kasuwa kowa ido ya faɗa. Wani lokaci ko hira ba sa yi, ya danna mata muryarta ta lumshe ido, shi ke nan zancen ranar.

Ana cikin haka bikin Suwaiba ya taso, Hayatu da kansa ya zo rumfa ya ce Rashidu zai yi wa ƙanwarsa waƙa. Ya kawo sunayen dangi a takarda. Rashidu ya so ya ƙi, amma ƙin zai zama magana, sai ya karɓa.

Makon nan bukukuwa huɗu ya yi a jere, ga zafin bazara. Ana gobe kamu, da azahar, ya kunna babban fiyano don ya haɗa waƙar, sai ya ji ƙauri. Ya buɗe, ya ga abin ya ƙone inda ba ya gyaruwa sai an aika Maradi. Direban da zai kai waƙar Gazawa kuma ya ce la'asar zai tashi.

Ya zauna ya riƙe kai. Ya dubi Sauro. Da yana cikin hankalinsa da ya tuna alkawari. In ya murɗa kunnuwan ya nemi wata murya, to ta Samira ta ɓace ke nan, kuma wannan ne bai iya ba. Sai gajiya ta ba shi shawarar banza: ya bar kunnuwan yadda suke, ya ɗauki waƙar da su, ai cikin hayaniyar biki wa zai lura? Hannunsa kuma, da ya saba, ya bi ɗan amon nan nata ba tare da ya aike shi ba. Ya ɗora sunan Suwaiba a kai kamar yadda ya saba ɗora kowane suna, ya tura a kati, ya miƙa wa direba.

Washegari Samira tana zaune cikin ƙawayen amarya a Gazawa, an yi mata lalle, aka kunna sifika. Amon farko kawai ta ji ta gane. Muryarta ce, mai ɗan rawar nan a ƙarshe, tana fita da ƙarfi kan titi, an ɗora mata "Suwaiba amarya" da sunayen gwaggonni. Mata suka miƙe suna juyi suna cewa yau Rashidu ya zo da sabon salo.

Hayatu ya biyo ta wajen yana murmushi, bai san komai ba, ya ce, "Mutumin naki ya iya aiki, ya yi wa ƙanwata abin da bai taɓa yi wa kowa ba."

Ta ce haka ne. Ta zauna har aka gama, don ba ta son ɓata wa Suwaiba rana. A motar komawa ta rubuta:

"Rashidu, na ji waƙar. Ashe ni ma suna ce da ake cirewa a saka wani. Baffa ya faɗa ban ji ba. Kada ka kira ni, na gaji."

Bai kira ba. Ya rubuta saƙo ya goge ya fi sau goma, a ƙarshe ya tura wannan:

"Ba ni da hujja. Fiyano ya ƙone, na ji tsoron rasa muryarki, sai na sayar da ita. Na san wannan ya fi muni."

Ba ta amsa ba. Kasuwa uku ta wuce ba ta biyo ta rumfar ba. Labari ya iso masa cewa motar Hayatu ta tsaya ƙofar gidansu sau biyu. Ya rame, ya daina kunna Sauro, ya rufe shi da zane.

A mako na huɗu ya ɗaure Sauro da batir a bayan moto ya tafi likitar da take aiki. Ya jira ƙarƙashin itacen bedi har mata masu awo suka watse. Da ta fito ta gan shi ta tsaya daga nesa, fuska ba walwala.

Ya ce bai zo roƙo ba. Ya jona batir, ya danna maɓalli, muryar ta fito sau ɗaya. Sannan ya kama kunne na farko ya murɗe shi zuwa ƙasa. Ya kama na biyu. Samira ta ɗaga hannu kamar za ta hana shi, ta fasa. Ɗaya bayan ɗaya har goma sha takwas, muryar tana sirancewa, ta koma huci, ta ɗauke.

"Ba zan iya kwaso ta daga wayoyin mutanen Gazawa ba," ya ce. "Amma daga hannuna ba za ta ƙara fita ba. Kiɗan biki kuma na bari. Ba don Baffa ba. Na ga abin da ya mayar da ni."

Hawaye suka zubo mata, na haushi da na tausayi a haɗe. Ta ce masa shi wawa ne, wata uku ya yi yana neman abin nan. Ya ce ya sani. Ta juya ta koma ciki.

Sai bayan kwana biyu saƙo ya shigo:

"Injiniya, ban huce ba tukuna. Amma na faɗa wa Hayatu ya yi haƙuri. Ka ci abinci, ka yi baƙi."

Barin kiɗa a baki abu ne mai sauƙi, kaka ce ke gwada mutum. Da aka girbe gero bukukuwa suka ɓarke ko'ina, masu neman waƙa suna cika rumfar Rashidu yana ba su haƙuri. Bai ko aika fiyanon Maradi ba. Ya koyi gyaran fanon hasken rana da injin ban ruwa, yana bin gonaki da kayan aiki, abin da yake samu bai kai rabin na da ba. Mahaifiyarsa Asama'u ta yi ƙorafi kwana biyu, da ta ga ɗanta ya fara barci kamar mutane sai ta yi shiru.

Malam Abdulmumini yana jin duk wannan labari. Sai da kaka ta wuce kaf ya aika a kira masa yaron, ya ce kuma ya zo da akwatin nan da ake faɗa.

Suka zauna a zaure da hantsi. Dattijon ya tambaye shi ko zai rabu da wannan ma. Rashidu ya san amsar da ake so, amma ya ce, "Baffa, gadon mahaifina ne. Ba zan fita da shi taro ba, amma ba zan sayar ba. Gara in faɗa maka yanzu da in yi maka ƙarya."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya kunna ya ji. Rashidu ya ɗan ɗaga kunne biyu kawai, wata murya tsirara ta fito, ba ado, ya bi da ita a hankali. Malam Abdulmumini ya sa yatsa ya danna maɓalli uku tare, ya ji ɗaya ce ta fito. Ya sake gwadawa. Ya tambaya ko lalacewa ya yi, Rashidu ya ce a'a, haka aka ƙera shi.

Dattijon ya ce lokacin da yake kiwo yana da sarewa ta kara, ita ma murya ɗaya gare ta. Yakan busa ta da yamma in ƙafa ta gaji, ba mai ji sai shanu. Ranar da saniyar ƙarshe ta faɗi ya ajiye ta, shekara arba'in ke nan.

"Wannan ba kiɗan taro ba ne," ya ce. "Na mutum ɗaya ne da ya gaji. Ka ce wa Hamidu ya dawo."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, mutane suka cika ƙofar gida, har Hayatu ya zo ya yi wa ango murna da hannu biyu. Ba a kira makaɗi ba, mata suka yi guɗa da kiɗan ƙwarya, kuma ba wanda ya ce biki bai yi daɗi ba.

Kwana uku da tarewa, da la'asar, baƙi sun ragu, Samira ta ce ya ɗauko Sauro. Ya ce mi za ta ji a ciki, ai ba komai. Ta buɗe akwatinta ta ciro tsohon karne, ta wuce shafukan sanyin firiji, ta tsaya kan wani shafi. Da'irori goma sha takwas ne a jere, kowace da ɗan layi yana nuna inda kunnen ya tsaya, ga kwanan wata a sama.

"Aikina ke nan, Injiniya," ta ce. "Abin da nake tsoron ya lalace, rubuta shi nake yi."

Rashidu ya tambaye ta mi ya sa ba ta faɗa ba ranar da yake murɗe su. Ta ce tana so ta ga ko zai iya rasa muryar saboda ita.

Ta zauna gaban akwatin da hannunta mai lalle tana duba takarda tana murɗawa, har ta kai na ƙarshe. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan maɓalli.

Muryar ta fito. Ita ce, amma ba ita ba ce sak. Sauro ya tsufa, zafi da ƙura sun taɓa shi, rawar ƙarshen ta ɗan ƙara tsawo, ta ɗan yi ƙasa. Rashidu ya miƙa hannu zai gyara, ta riƙe shi.

"Bar ta haka. Waccan Gazawa ta ji ta. Wannan ba wanda ya taɓa ji."

Ya bar ta. Ya ci gaba da bugawa a hankali, ta jingina kai da kafaɗarsa, kafin ya zagayo amon sau uku barci ya ɗauke ta. Daga tsakar gida Inna Asama'u ta leƙo ta ga haka, ta saki labule tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya hutar da su gajiyar duniya. Rashidu ya amsa da amin a ransa, bai ɗaga yatsa ba, don kada Samira ta farka.